Bashin da jihohin Amurka suka ci don biyan marasa aiki, wa yake biyansa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yana da ɗan gidan abinci a jihar Kalifoniya da ma'aikata goma sha biyu, akantansa ya ce masa harajin tarayya da yake biya a kan ma'aikata ya sake hawa saboda wai ana bin jihar bashi, bashin da ta ci lokacin korona don ta biya waɗanda suka rasa aiki. Yana so ya san ta yaya jiha mai arziki haka za ta ci bashi a kan wannan, me ya haɗa shi da bashin da ba shi ya ci ba, kuma yaushe abin zai ƙare.

To Malam, akantanka gaskiya ya faɗa maka, kuma ba kuskuren lissafi ba ne, doka ce. Amma kafin ka gane dalilin da ya sa takardar ta zo hannunka sai ka fara sanin yadda aka gina tsarin, domin mutane da yawa har waɗanda suka daɗe a ƙasar suna ɗauka kuɗin marasa aiki daga baitulmalin gwamnati yake fitowa kamar kuɗin hanya ko na makaranta. Ba haka ba ne. Inshora ce, kuma tun 1935 aka kafa ta a cikin dokar tsaron rayuwar jama'a ta zamanin Shugaba Roosevelt, duk da jihar Wisconsin ta riga kowa, ita tun 1932 ta yi tata dokar. Kowace jiha tana da asusunta da ake ajiyewa a baitulmalin tarayya, masu ɗaukar ma'aikata ne suke zuba kuɗi a ciki ta hanyar harajin jiha, idan aka sallami mutum ba da laifinsa ba sai a riƙa ba shi wani abu duk sati daga wannan asusun, a yawancin jihohi har sati 26. Jihohi uku ne kawai suke cire wani abu daga albashin ma'aikacin shi kansa, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, sauran duk a wuyan mai kamfani yake. Kuma kowace jiha ita ke yanke nawa za ta karɓa, nawa za ta bayar, wa ya cancanta, wannan 'yancin shi ne tushen duk rigimar da za ka ji nan gaba.

Ban da harajin jiha akwai na tarayya da ake ce wa FUTA, shi ne wanda ya tashi a wajenka. A takarda kashi 6 cikin ɗari ne a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, amma idan jiharka tana kan ƙa'ida kuma kana biyan harajin jiha a kan lokaci ana yafe maka kashi 5.4, sai ya rage 0.6, wato dala 42 a kan kowane mutum a shekara. Ka riƙe wannan rangwamen na 5.4 a ranka domin shi ne igiyar da tarayya take riƙe jihohi da ita.

Yanzu idan tattalin arziki ya ruguje, abu biyu ne suke faruwa lokaci ɗaya kuma duk a kan asusun suke faɗawa, masu neman kuɗi suna ninkuwa, masu zubawa kuma suna raguwa tunda kamfanoni suna rufewa ko suna rage mutane. Jiha ba ta da ikon buga kuɗi, kuma kusan dukansu dokarsu ta tilasta musu kasafin kuɗi ya daidaita, sannan ba za ta iya ce wa mutumin da ya cancanta ya yi haƙuri asusu ya ƙare ba, haƙƙinsa ne a doka. Shi ya sa aka tanadi ƙofa a babi na 12 na waccan dokar ta 1935, gwamna ya rubuta wa sakataren ƙwadago na tarayya cewa asusunmu zai ƙafe, sai a riƙa tura musu rance gwargwadon abin da suke buƙata. Ba a tsayawa dogon ciniki, ba a tambayar jingina. Ni a ganina wannan ƙofar alheri ce babba kuma bai kamata a ga laifin gwamnan da ya bi ta ba, domin wanda aka sallama ranar Juma'a kuɗin haya ba zai jira shi ba, kuma kuɗin da ake ba marasa aiki ba a ɓoye shi a banki, nan take yake komawa kanti da gidan mai da wajen mai gidan haya, wato har irin gidan abincinka yana cin moriyarsa ba tare da ka sani ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa. Inda matsalar take shi ne me aka yi kafin a ci shi, da kuma wa aka ɗora wa biya bayan an ci.

Da can rancen ma babu kuɗin ruwa. A shekarun 1970 da farkon 1980 jihohin masana'antu irin su Michigan da Pennsylvania da Ohio da Illinois suka ci bashi mai yawa suka ƙi gaggawar biya, tunda ba ruwa me zai sa su yi sauri, sai majalisar tarayya ta gyara doka, daga 1982 aka fara ɗora ruwa. Kuma aka sa wani sharaɗi mai zafi, ba a yarda a biya ruwan daga asusun marasa aikin ba, dole jiha ta nemo shi daga wani wuri, ko daga kasafinta ko ta ƙaƙaba wa kamfanoni wani haraji na daban, kuma a biya kafin ƙarshen Satumba duk shekara.

Uwar kuɗin kuma ga yadda ake karɓarta, kuma nan ne ka shigo. Idan ranar 1 ga Janairu ta riski jiha da bashi shekara biyu a jere, kuma ba ta biya ba har zuwa 10 ga Nuwamba na shekara ta biyun, sai a fara zaftare wancan rangwamen na 5.4, a cire 0.3, wato ƙarin dala 21 a kan kowane ma'aikaci. Shekara ta gaba idan bashin yana nan a ƙara wani 0.3, haka dai duk shekara, kuma kuɗin da aka tara kai tsaye ake rage bashin jihar da shi. Akwai ma wasu ƙarin da za a iya ɗorawa idan abin ya daɗe, sai dai jihohi kan nemi a ɗage musu kuma ana ɗagewa. Kalifoniya ta shiga wannan layin a harajin 2022 da 0.3, 2023 ya zama 0.6, 2024 ya zama 0.9, 2025 ya kai 1.2. To ɗauki alƙalami, 1.2 cikin ɗari na 7,000 dala 84 kenan, haɗa da 42 na asali ya zama 126 a kan kowane mutum, ma'aikatanka goma sha biyu, maimakon dala 504 sai ka ga 1,512 a fom ɗin 940, wato fom ɗin harajin FUTA, da ake cikewa a Janairu. Kuma abin da ya fi ba mutane haushi shi ne sai a Nuwamba ake tabbatar da adadin, bayan ka riga ka yi lissafin shekara ka gama, sai a ce ka cika gibin a dunƙule.

Akwai wani abu da masu gidajen abinci da shaguna ba sa lura da shi sai an nuna musu. Harajin ba a kan kujerar aiki yake ba, a kan mutum yake. Idan mai wanke-wankenka ya yi wata huɗu ya karɓi dala 7,000 ya tafi, ka ɗauki wani, lissafin daga farko yake tashi, na biyun ma idan ya tafi na uku daga farko. Kujera ɗaya sai ka biya mata sau biyu ko sau uku a shekara. Shi kuwa kamfanin kwamfuta da yake biyan injiniya dala 200,000 kuma mutumin yana zaune shekara da shekaru, dala 126 ɗin nan sau ɗaya zai biya, bai ma san an cire ba. Kaga kenan nauyin bashin ya fi danne wuraren da ake ɗaukar masu ƙaramin albashi da masu aikin rabin rana, kuma masana tattalin arziki da yawa suna ganin irin wannan harajin a ƙarshe wani kaso nasa a jikin ma'aikacin yake ƙarewa, ta hanyar ƙarin albashin da ba a yi ba ko mutumin da ba a ɗauka ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin gaba ɗaya.

Sai tambayarka ta yaya jiha mai arziki ta faɗa ciki. Amsar da za ka ji a bakin 'yan siyasa ita ce korona, kuma eh korona ta yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba, kafin 2020 mafi yawan mutanen da suka taɓa neman kuɗin a sati ɗaya a faɗin ƙasar 695,000 ne a Oktoban 1982, amma a ƙarshen Maris na 2020 sati ɗaya ya haura miliyan 6, a Afrilu rashin aiki ya kusa kashi 15 cikin ɗari. Jihohi fiye da 20 ne suka ci bashi. Amma ka tambayi kanka, annobar ai kowa ta sama, me ya sa fiye da rabin jihohin ba su ci ba? Saboda bashin nan ba a lokacin rikici ake haifarsa ba, a shekarun daɗi ake haifarsa. Kamar rumbu ne, wanda bai zuba hatsi da kaka ba ba zai ɗora wa bazara laifi ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da ma'auni da take ba jihohi shawara da shi, a ce asusunka yana da abin da zai iya biyan shekara guda cur ta irin mummunan lokacin da jihar ta taɓa gani ko da ba a zuba ko sisi ba. Kalifoniya ta shiga 2020 da abin da bai kai rubu'in wannan ba, ita ce ta ƙarshe a cikin jihohi, bayan shekara goma ana samun ci gaba a ƙasar.

Dalilin a fili yake idan ka duba lambobin. Ita Kalifoniya harajinta na jiha ma a kan dala 7,000 ɗin nan take ɗaukarsa, mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda, kuma wannan adadin tun 1983 yake nan bai motsa ba, ka tuna nawa albashi yake a 1983 nawa yake yau. Mafi tsadar kaso da ake ɗora wa kamfani a jihar, wato kamfanin da ya fi kowa sallamar mutane, 6.2 ne, wanda ya kama dala 434 a shekara a kan mutum ɗaya. Shi kuwa mafi girman abin da ake ba marar aiki dala 450 ne a sati. Duba da kyau, kuɗin sati ɗaya ya fi harajin shekara guda, idan mutum ya cinye sati 26 ɗinsa dala 11,700 kenan. A 2001 majalisar jihar ta yi dokar ɗaga kuɗin daga 230 zuwa 450 a hankali har zuwa 2005, abin da ya dace ne domin 230 ba ta riƙe kowa, amma ba a taɓa ɓangaren shigar kuɗi ba, an buɗe famfo an bar tanki yadda yake. Tun daga nan kuma 450 ɗin ita ma ta daskare, shekara ashirin, a jihar da kuɗin hayar ɗaki yake yadda ka sani. Wato ma'aikaci bai samu abin kirki ba, asusun ma bai tsira ba. Kwatanta da jihar Washington da ta ɗaure nata adadin da matsakaicin albashi yana hawa da kansa duk shekara, yanzu ya haura dala 60,000, ita ko a rikicin 2008 ba ta ci bashi ba, maƙwabciyarta Oregon ma haka.

Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba, shi ya sa nake cewa korona uzuri ne kawai. A rikicin 2008 zuwa 2009, lokacin da rashin aiki ya kai kashi 10 a Oktoban 2009, jihohi fiye da 30 ne suka ci bashi, jimillar ta haura dala biliyan 40. Kalifoniya ta fara ranta a Janairun 2009, nata ya wuce biliyan 10. Tarayya ta yafe ruwa har ƙarshen 2010, da aka dawo da shi a 2011 jihar ba ta da kuɗin biya sai da ta ranto kimanin dala miliyan 300 daga asusun inshorar ma'aikatan da rashin lafiya ya kwantar, wato an ci bashi don a biya ruwan bashi. Uwar kuɗin kuma aka bar wa wancan zaftarewar, daga 0.3 a 2011 yana hawa har 2.1 a 2017, ƙarin dala 147 a kan kowane ma'aikaci, sai a 2018 aka gama. Shekara biyu kacal aka huta korona ta zo. Duk wanda ya riƙe kasuwanci a jihar tun wancan lokacin ya san wannan hanyar, ya taɓa bin ta.

Sauran jihohi kowa da yadda ya fita, kuma a nan ne za ka gane wa ake so wa ba a so. Wasu sun je kasuwa sun sayar da takardun lamuni suka biya tarayya a dunƙule saboda ruwan kasuwa ya fi sauƙi a lokacin kuma hakan yana tsayar da zaftarewar, Texas ta yi a 2010, Michigan a 2011 na sama da biliyan 3, Pennsylvania da Illinois a 2012, sai su sa wa kamfanoni wani haraji na musamman har a gama biyan masu takardun. Bashin bai ɓace ba, mai bi ne ya canza, amma aƙalla an san ranar gamawa.

Wasu kuma kan marasa aikin suka juya. Tun shekaru da dama kowace jiha aƙalla sati 26 take bayarwa, Michigan ce ta fara karya wannan a 2011 zamanin Gwamna Rick Snyder ta mayar da shi 20, Florida a shekarar ta ɗaure yawan satin da yawan rashin aiki har yana iya saukowa zuwa 12, alhali mafi girman abin da take bayarwa dala 275 ne a sati. Wadda ta fi kowa tsanani ita ce Carolina ta Arewa a 2013 zamanin Gwamna Pat McCrory, ana bin ta sama da biliyan 2, sai ta rage mafi girman kuɗin daga 535 zuwa 350, ta rage satin zuwa tsakanin 12 da 20. Akwai sharaɗi a lokacin cewa jihar da ta rage kuɗin sati za ta rasa ƙarin tallafin tarayya na waɗanda suka daɗe ba aiki, sun san da sharaɗin, suka yi duk da haka, ranar 1 ga Yulin 2013 dubban mutane suka wayi gari an yanke musu kuɗin da ba ma daga aljihun jihar yake fitowa ba. Ka ɗauki mutumin da yake aiki a masaƙa ko kamfanin kujeru shekara ashirin, an rufe wurin, yana da shekara hamsin da wani abu, garin babu wani aikin, wata uku zuwa biyar aka ba shi ya nemi mafita. Jihar ta gama biyan bashinta a 2015 kuma an yi ta yabon kai a kan haka, amma ragin da aka ce don bashi aka yi bai tashi ba bayan bashin ya tafi, da korona ta zo da wannan dokar ta same su. Wallahi duk sanda na ji ana kafa misali da ita a matsayin jihar da ta iya riƙon kuɗi raina ɓaci yake, domin kuɗin daga bakin waɗanda ba su da komai aka ciro shi. Michigan dai ta dawo da sati 26 ɗinta a 2025.

Bayan korona hanyar fita ta bambanta saboda tarayya ta zuba kuɗi. An yafe ruwa har zuwa farkon Satumban 2021, sannan dokar ceto ta Shugaba Biden ta 2021 ta raba wa jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 350 kuma aka yarda a yi amfani da shi wajen cike asusun marasa aiki. Texas ta ɗauki biliyan 7.2 ta share nata, Illinois da ake bi biliyan 4.5 ta sa biliyan 2.7 daga ciki ta ƙarasa sauran daga baya. New York ta ja ƙafa, kamfanoninta suka sha zaftarewa har 0.9 ga kuma harajin ruwa na daban da ake turo musu duk shekara, sai a 2025 ta ɗebo daga ajiyarta ta biya wajen biliyan 7, kuma da biyan ya buɗe hanya aka ɗaga mafi girman kuɗin sati daga 504 zuwa 869, wanda da bashin ya hana. Kalifoniya kuwa a 2022 ana maganar rarar kasafi ta kusan biliyan 100, abin da ta sa a bashin miliyan 250 ne, ta yi alkawarin ƙarin 750 a shekara ta gaba, da kasafin ya juya zuwa gibi aka janye. Shi ya sa bashin yake nan wajen biliyan 20, jihar tana biyan ruwa na ɗaruruwan miliyoyi duk shekara daga kasafin da ya kamata ya je makarantu da asibitoci, ku kuma kuna biyan uwar. A cikin jihohi hamsin ita kaɗai ta rage a layin a harajin 2025, sai yankin Virgin Islands da nasa bashin ya samo asali tun rikicin 2008, su zaftarewarsu ta haura kashi 4.

Zan faɗi gaskiya a kan wannan, ba na cikin masu ganin Texas ta yi abin a yaba ɗari bisa ɗari. Kuɗin ceton na jama'a ne duka, da aka zuba shi a asusun an sauke wa kamfanoni nauyin da a tsari nasu ne, har da manyan da suka ci ribar ƙaramin haraji shekara da shekaru. Amma idan aka ce in zaɓa tsakanin wannan da abin da Kalifoniya ta yi, na barin bashin yana cin ruwa ana tatsarsa ta hanyar da ta fi cutar da ƙananan wurare, na farkon ya fi sauƙin illa, musamman da yake rufe kasuwannin umarnin gwamnati ne, ba ku kuka zaɓi sallamar mutane ba.

Za ka ji wasu suna cewa ai duk damfara ce ta jawo. An yi damfara mai yawa, jihar da kanta ta amsa cewa wajen biliyan 20 ya tafi hannun 'yan damfara, amma kada daidaituwar lambar ta ruɗe ka, mafi yawan wancan a shirye-shiryen tarayya na gaggawa aka yi shi, irin wanda aka buɗe wa direbobin haya da masu aikin kansu, kuma waɗannan da ƙarin dala 600 na sati da aka yi har ƙarshen Yulin 2020 duk tarayya ce ta biya, ba sa cikin bashin jiha. Bashin da kake biya na kuɗin sati 26 ne na yau da kullum. Ko da ba a saci ko kwabo ba asusun da zai ƙafe, hujja kuwa ita ce ko a shekarun nan da rashin aiki ya sauko abin da yake fita yana fin abin da yake shiga.

Ga wanda yake karantawa daga gida Najeriya, mu ba mu da irin wannan inshorar, abin da ya fi kusa shi ne dokar fansho ta 2014 da ta yarda wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba ya ciri kashi 25 na ajiyarsa, kuma wannan kuɗinsa ne ba na wani ba. Inda aka yi kama shi ne ceton da aka yi wa jihohi a 2015 don biyan bashin albashi, rancen shekara 20 da ake cirewa daga kason jiha tun kafin ya iso, wanda ya ci daban, masu biya daban.

Batun yaushe zai ƙare, idan ba a canza doka ba kada ka sa ran nan kusa, ka sa a kasafinka cewa duk shekara akwai ƙarin dala 21 a kan kowane mutum a kan na bara, ka ce wa akantanka ya riƙa ware shi duk wata uku kada Janairu ta same ka ba shiri. Ka riƙa biyan harajin jiha a kan lokaci domin jinkiri yana iya rage maka rangwamen da ya saura. Ka duba takardar kason harajinka da jiha take turowa, idan an ɗora maka kuɗin wanda ba kai ka sallama ba kana da damar ƙorafi cikin wa'adin da aka rubuta a jiki. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka mayar da ma'aikatanka 'yan kwangila a takarda don ka kauce, dokar Kalifoniya a kan wannan tana da tsauri, tarar ta fi harajin nesa ba kusa ba, kuma ka cire yaran nan daga inshorar da za su buƙata ranar da abu ya lalace. Idan kuma ƙungiyar 'yan kasuwarku ta zo tana neman sa hannunka a kan kada a ɗaga dala 7,000 ɗin nan, ka zauna ka yi lissafi da albashin da kake biya tukuna, ofishin da yake ba majalisar jihar shawara kan kasafi ya ba da shawara a ƙarshen 2024 a ɗaga shi zuwa 46,800, kuma idan aka faɗaɗa adadin ana iya sauke kason, wanda yake biyan albashi mai tsoka ya ɗauki rabonsa, irinka mai ma'aikatan rabin rana ba lallai ne ka fi yanzu biya ba.